Naman Layya a Cikin Maikirowef

Shekarata uku ina aiki a gidan kafin a kashe murhun. Gidan wasu 'yan Indiya ne a Annandale, mai bene ɗaya da ɗakin ƙasa da ɗan lambu a baya. Wani likita ɗan Kano da muke sallar Juma'a tare ne ya haɗa ni da su, domin asibiti ɗaya yake aiki da 'yarsu, ita ma likita ce. Da farko tuƙi kawai nake yi, in kai maigidan wankin ƙoda in dawo da shi. Da ya rasu sai 'yar ta ce in ci gaba da zuwa, in riƙa zama da uwarta da rana. Akwai wata mata da ke kwana da ita, da na iso da safe sai ta tafi.

Tsohuwar ina kiranta Mama, 'yar kuma Dakta. Su kuwa Alhaji suke ce mini, domin da wannan sunan ɗan Kanon ya gabatar da ni, alhali ko Jidda ban taɓa gani ba.

Mama ta haura tamanin, mantuwa ta fara taɓa ta, amma ba ta taɓa mata girki ba. Da kunne take girki. Za ta zuba man shanu a ɗan ƙaramin kasko, ta watsa wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana kamar irin alayyafo, ta juya baya tana yanka wani abu. Da ƙwayoyin sun fara fashewa tas-tas-tas sai ta juyo ta zuba busasshen barkono, ta kife man gaba ɗaya a kan miyar wakensu, wani ɗan mitsitsin wake rawaya da suke kira dal. Tukunyar ta yi cuuu, ƙamshi ya cika gida har waje. Gurasarsu kuma, wadda suke kira roti, takan gasa ta a kasko sannan ta jefa ta kan harshen wuta da yatsunta, ta kumbura kamar an hura mata iska. Sau biyu a rana take yin wannan, tun tana yarinya.

Wata Lahadi, ranar da ba na zuwa, ta ɗora madara ta je ta kwanta. Tukunya ta ƙone, ƙararrawar hayaƙi ta yi ta kuka, maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana. Ba wanda ya ji ciwo. Amma da na zo ranar Litinin sai na tarar da murhun ba maɓalli ko ɗaya, ƙarafa huɗu tsirara. An rufe gas ta baya. A kan kantar kicin kuma ga sabon maikirowef, akwatin ɗumama abinci na lantarki, baƙi, babba.

Dakta ta ɗauki rabin yini tana nuna mini. Ta rubuta kati ga kowane abinci: shinkafa minti kaza, wake minti kaza, shayi minti kaza. Na yi ta gyaɗa kai.

Abin da ba ta sani ba, ban iya karatu ba. Ban yi boko a ƙauyenmu na wajen Maraɗi ba, kuma da na zo ƙasar nan na koyi rayuwa a haka. Lambobi na sani tun ina kasuwa. Alamomin hanya na haddace su da siffarsu, jarrabawar lasin kuwa karanta mini aka yi na amsa da baki. In an miƙo mini takarda sai in shafa aljihu in ce na bar tabarau a gida. A lokacin wata huɗu ke nan da na fara zuwa ajin manya ranar Asabar da safe, a wani ɗakin karatu kusa da College Park, amma ban wuce manyan baƙaƙe da gajerun kalmomi ba. Rubutun Dakta kuwa a haɗe yake, kamar igiya ta warware. Katunan na riƙe su da kusurwarsu: wanda ya ɗan yage na shinkafa ne, wanda kurkum ya ɓata na wake.

Da za ta tafi ta manna wata takarda rawaya a ƙofar maikirowef ɗin. Kicin ɗin dama cike yake da irinsu, a firij, a ƙofa, a jikin kabad, duk don tuna wa Mama abubuwa.

"Alhaji, ka karanta wannan?"

"Na karanta, Dakta."

Sati uku muka yi muna gwada akwatin, haka Mama take kiransa. In faɗi gaskiya ba komai ne ya ƙi ba. Shinkafa tana fitowa da kyau, warwar. Kabewa da farin kabeji suna nuna da launinsu. Akwai wani busasshen faifan wake mai sirara da suke ci da abinci, shi kam rabin minti ya ishe shi, ya fi na wuta ma don ba ya ƙonewa. Amma waken miya sai ya tafaso ya zube, in ka rage lokaci ya fito da tsakuwa a ciki. Shayinsu da ake dafa shi tare da madara da citta ba ya kama jiki. Gurasa in ta fito da laushi, kafin ka kai ta tebur ta zama fatar takalmi. Man miyar ya fi komai wahala. Na sa shi a kofin gilas da ƙwayoyin, Mama ta kafa kunne a ƙofar akwatin, ba ta jin komai sai gurnanin inji. In mun buɗe da wuri ƙwayoyin ɗanye ne, in mun daɗe sun yi ɗaci.

"Kurman tukunya ne wannan," in ji ta. "Ba ya ji, ba ya magana."

Duk da haka tana ci. Loma uku, loma huɗu, tana mita.

A shekarar nan Babbar Sallah ta faɗo lokacin da ganye ke zuba, sanyi ya fara shiga ƙashi. Mun haɗu mu da yawa muka yi layya a wata gona, maiɗakina ta kwana biyu tana suya a gidanmu na Largo. Ranar Talata ta zuba mini tuwon shinkafa da miyar kuka da tsoka huɗu na rago a roba.

Na san mutanen gidan ba sa cin nama, ko ƙwai ba ya shiga. Shekara uku ban taɓa sa abincina a tukunyarsu ko cokalinsu ba. A motarsu nake ci, ko a matattakalar ɗakin ƙasa, da sanyinsa. Ranar na buɗe robar na ga kitse ya daskare fari fat a kan miya. Mama tana barcin rana a sama. Na tsaya ina kallon akwatin. A masallacinmu akwai irinsa, kowa yana sa nasa ya cire. Na ce a raina ai abincin yana cikin robata, ba ya taɓa komai nasu, kamar ka shanya abu a rana ne.

Na danna minti biyu. Kafin su cika na ji fas, tsoka ɗaya ta fashe, murfin ya ɗage, miya da kitse suka fantsama har rufin akwatin. Na goge da tsumma da sabulu sau biyu, na buɗe taga duk da sanyin, na fita da tsumman na jefa a kwandon shara na waje.

Da yamma na ɗumama wa Mama shinkafa da wake. Ta zauna, ta dubi kwanon, ta dube ni.

"Ba na jin yunwa, ɗana."

Washegari ma haka. Shayi ma ta daina sha. Ayaba take ci, da kindirmo, da 'yan ƙwayoyin gyaɗa, ta kora da ruwan ɗumi na famfo. In na kawo abinci sai ta ce cikinta a cike yake. Na gaya wa kaina tsufa ne, dama ba ta son abincin akwati. Amma duk lokacin da na buɗe ƙofar nan sai na shinshina.

Duk Juma'a da yamma Dakta takan zo ta ɗora uwarta a kan sikeli ta rubuta a littafi. Juma'ar farko ta ɗaure fuska. Ta biyu ta sa na kai Mama asibiti aka ɗebi jini, aka duba maƙogwaro da ciki, ba a sami komai ba. Ta sayo abinci daga wani gidan abincin mutanensu, Mama ta ce ba ta san hannun da ya dafa ba. Juma'a ta uku Dakta ta zo da wata takarda mai sheƙi, mai hotunan tsofaffi suna murmushi a cikin lambu, ta ajiye a kan teburin cin abinci. Ta ja ni bakin ƙofa.

"Alhaji, cutar mantuwar ce ke ci gaba. Haka suke yi, su daina ci. Ba zan bari ta mutu da yunwa a gidanta ba. In Juma'a mai zuwa sikeli ya sake sauka, gidan tsofaffi zan kai ta. Akwai ɗaki, sun riƙe mini."

Mama tana falo tana jin mu. Shekara fiye da talatin tana gidan nan. A nan mijinta ya rasu, hotonsa na nan a ɗan lungun da take ibada, kullum da safe tana sa masa fure.

Kafin in tashi ranar, na ɗauko littafina na aji na tsaya gaban takardar nan rawaya. Ban san abin da ya ja ni gare ta ba, sai dai ita kaɗai ce a jikin akwatin. Na kwaikwayi rubutun layi-layi, kamar mai zanen hula, duk inda alƙalamin Dakta ya lanƙwasa na lanƙwasa.

Malamarmu ta Asabar dattijuwa ce, baƙar fata, ta yi ritaya daga koyar da yara. Bayan an tashi na nuna mata. Ta juya littafin, ta matso da shi kusa da ido.

"Wannan rubutun likita ne ko?"

"Yaya aka yi kika sani, Malama?"

"Su kaɗai Allah ya yafe wa."

Ta sake rubuta shi da manyan baƙaƙe a ƙasa, ta ce in karanta da kaina. Kalmar farko na gane ta, domin ita aka fara koya mini bayan sunana: Alhaji. Takardar tawa ce, ba ta Mama ba. Sauran muka bi tare, ita tana riƙe da fensir, ni ina haɗa baƙaƙe. Cewa take kada nama ko kifi ko ƙwai ya taɓa shiga wannan akwatin, ko a rufe yake, don in ya shiga Mama ba za ta ƙara ci daga cikinsa ba. Layi na ƙarshe ya ce ta ajiye mini nata tsohon maikirowef a ɗakin ƙasa, kusa da injin wanki, in riƙa ɗumama nawa abincin a can.

Kwalin da yake ciki na sha ganinsa. Na zauna kusa da shi ina cin tuwo mai sanyi ban san nawa ba ne.

A gida na gaya wa maiɗakina tana tsinkar alayyafo. Ta ajiye wuƙa.

"Maigida! Ragon da na tsaya a kansa har ƙafata ta kumbura, shi ka kai gidan mutanen da ko ƙwai ba sa ci?"

"A robata yake."

"To in wani ya shigo ya ɗumama alade a namu, a robarsa, ya goge da sabulu, za ka ci?"

Na hau juya littafina na aji.

"Ina tambayarka."

"Ba zan ci ba."

"Ni a bola zan jefa shi, in wanke inda ya zauna." Ta ɗauki wuƙarta. "Tsohuwar mutane tana ramewa kai kana shinshine-shinshine kamar kyanwa. Yanzu me za ka yi?"

Ranar Litinin na fita tun da duhu kamar kullum, jirgin ƙasa daga Largo har cikin birni, in canza, sannan bas. Duk hanya abu ɗaya nake juyawa. Na san yadda mu muke yi in najasa mai nauyi ta taɓa kwano: wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Da matar dare ta tafi, Mama na ɗakin ibada, na fita lambu na tono ƙasa da cokalin lambu. Ta yi sanyi har tana ƙona yatsa. Na cire faifan gilas da ke juyawa a cikin akwatin, na wanke shi ina ƙirgawa, na shafe cikin akwatin da ƙasa, bango da rufi da ƙofa. Ina kan na biyar na ji sandarta a bayana.

"Me kake yi wa akwatin 'yata?"

Na juyo, hannuna duk taɓo. Ban sami wata magana ba sai gaskiya.

"Mama, na sa nama a ciki. Ranar Talata, kina barci."

"Na sani. Rago ne." Ta ja kujera ta zauna a hankali. "Mantuwa nake yi, ɗana, hancina bai mutu ba. Tun daga sama na ji."

Na gaya mata yadda muke wankewa. Ta saurara har na gama, ba ta yi dariya ba.

"Wannan naku ne, kuma na ga ka yi da zuciya ɗaya. A wurinmu tukunyar ƙarfe in ta ƙazantu wuta ake sa ta har ta yi ja, a goge da toka. Ta ƙasa kuwa fasa ta ake yi. Wannan fa? Ina wutarsa? In ka sa shi a wuta narkewa zai yi. Abin da bai san wuta ba, me zai tsarkake shi?"

"Me ya sa ba ki faɗa wa Dakta ba?"

"In na faɗa ta kore ka. In ta kore ka wa zai zauna da ni? Mata uku aka kawo kafin ta yarda da kai, ba wadda ta yi sati biyu." Ta nuna takardar mai hotuna da haɓa. "In na yi magana can ne, in na yi shiru can ne. Gara in tafi ban ɗauki abincin 'ya'yanka a wuyana ba."

Na ce zan sayo sabo in musanya. Ta ce Dakta ko cokali aka matsar tana gani. Na ce to ga na ɗakin ƙasa.

"Wancan? Da shi take ɗumama kaza tana jami'a. Tana tsammanin ban sani ba." Ta dubi akwatin. "Kuma ko sabo ne, ka ga yadda nake ci. Loma uku. Wannan ba girki ba ne, jinya ce."

Sai ta sunkuyo ta rage murya, kamar akwai wani a gidan. Ta ce ta san inda maɓallan suke, suna cikin aljihun tebur a ɗakin marigayi, ƙarƙashin safa. In na ja murhun gaba kaɗan akwai ɗan hannu rawaya na buɗe gas a baya. Rabin awa kullum, kafin Juma'a ta yi nauyi, ba wanda zai sani.

Na so in yi. Allah ya sani na so. Amma na tuna cewa bayan na tafi da yamma murhun zai kasance a gidan, ita ma tana gidan, kuma ta ga yadda ake buɗewa. Na ce mata abu ɗaya na yi a ɓoye, ga inda ya kawo mu, ba zan ƙara na biyu ba.

"To kada ka faɗa mata komai. Ka yi mini alkawari."

Ban yi alkawarin ba. Ta tashi ta hau sama, yinin ranar ba ta ƙara yi mini magana ba.

Talata da Laraba na yi ta dabara. Na dama mata ayaba da kindirmo da zuma, na jiƙa mata wata shinkafa tasu da aka daka ta yi fale-fale, wadda ba ta bukatar dahuwa. Ta ci kaɗan don kada in ji kunya. Ranar Alhamis tana saukowa jiri ya ɗebe ta a matakala ta uku daga ƙasa. Na tare ta da ƙirjina. Ba ta fi rabin buhun gero nauyi ba. Na zaunar da ita, tana ta ce mini ba komai, ba komai, kada ka kira Dakta.

Juma'a Dakta ta iso wajen ƙarfe biyar, da rigar asibiti a ƙarƙashin kwat, da wata jaka ta takardu. Ta ajiye sikeli a tsakiyar kicin. Mama ta sa rigar sanyi biyu da wani mayafi mai kauri, Dakta ta ce ta cire. Ta hau. Lambobi na iya karantawa, na gan su kafin Dakta ta rubuta.

"Litinin za mu je ki ga ɗakin, Mama. Yana kallon lambu."

Mama ta dube ni ta girgiza kai kaɗan.

"Dakta," na ce, "ba cuta ba ce. Ni ne."

Na faɗa mata duka a tsaye, naman, da ranar, da tsumman da na jefar. Ta saurara, bakinta a ɗan buɗe. Sannan ta taka zuwa akwatin ta ɓamɓaro takardar rawaya ta ɗaga.

"Na rubuta maka. Na tambaye ka, ka ce ka karanta."

"Ƙarya na yi. Ban iya karatu ba. Yanzu nake koyo."

Na zaci ihu za ta yi a kan naman. Ba ta ko ambace shi ba. Fuskarta ta canza, ta ajiye takardar.

"Magani. Waye yake ba ta magani?"

"Ni ne."

"Da me kake gane su? Shekara uku! Mahaifina ma kai kake ba shi. Da me?"

Na ɗauko akwatin maganin mai ramuka, wanda ita da kanta take cikawa duk Lahadi. Na nuna mata daga hagu nake farawa, layin sama na safe, na ƙasa na yamma, kuma ban taɓa buɗe kwalba da kaina ba. In an canza magani a asibiti nakan sa mai bayarwa ya faɗa mini da baki sau biyu, sannan in kawo mata ledar a rufe. Ba ta yarda ba. Ta zazzage kwalaben a kan tebur ta yi ta dubawa da littafinta, ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsaye, Mama na zaune.

Da ta gama ba ta ce daidai ne ba. Rufe kwalaben kawai ta yi. Sai ta juya ga uwarta da harshensu, da ƙarfi. Mama ta mayar mata da ƙarfi. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga Mama ta nuna ni, ta nuna murhu, ta nuna takardar mai hotuna, ta buga sandarta a ƙasa. Dakta ta fara kuka tana magana, Mama ba ta sassauta ba. Na so in fita, na ga in na motsa kamar gudu ne. Na tsaya.

Can Dakta ta share ido ta dube ni.

"Sati uku ina tsammanin ƙwaƙwalwar uwata ce ke mutuwa. Ka san abin da hakan ke nufi? Kana kallona ina kai ta ana huda mata hannu."

"Na sani, Dakta. Ba ni da abin cewa."

Ta fita daga kicin. Na ji takunta a matakala, na ji an ja aljihun tebur a sama. Na ɗauka takardar sallama za ta rubuto, har na fara tunanin wa zai karanta mini. Da ta sauko hannunta a dunƙule yake. Ta buɗe a gabana. Maɓalli ɗaya ne, baƙi.

"Ɗaya. A aljihunka zai zauna. Kai za ka sa shi, kai za ka cire, kuma ba za ka matsa daga kicin ba muddin akwai wuta, ko waya ce ke ƙara, ko gidan ne ke rushewa. In za ka tafi ka rufe gas ta baya, ka tafi da shi gida. Juma'a biyu na ba ku. In sikeli bai tashi ba ita ta tafi can, kai ka tafi gida. Ka gane, Mista?"

"Na gane."

"Kada ka ce mini ka gane. Maimaita."

Na maimaita mata daga farko har ƙarshe.

Na ja murhun na murɗa ɗan hannun rawaya, na cusa maɓallin a ƙarfen gaba na dama. Wuta ta kama shuɗiya. Mama ta riga ta ɗauko ƙaramin kaskonta, ban san lokacin da ta tashi ba. Wake ya ɗauki lokaci, ba wanda ya zauna. Da ta watsa ƙwayoyin a mai sai ta juya wa murhun baya kamar yadda ta saba, na ga Dakta ta yunƙura za ta yi magana. Tas. Tas-tas-tas. Mama ta juyo daidai lokacin.

Gurasa ɗaya da rabi ta ci ranar, da miyar wake kaɗan. Dakta ta hana ta ƙari, ta ce cikin da ya daɗe a rufe ba a cika shi rana ɗaya.

Juma'a ta farko sikeli bai tashi ba, bai kuma sauka ba. Dakta ta rubuta, jakar takardun na rataye a kafaɗarta. Ta biyu ya ɗan motsa sama. Ta sa uwarta ta sauka ta sake hawa, ya nuna abin da ya nuna. Ranar ta ɗauke takardar mai hotuna daga kan tebur ta sa a jaka.

Baƙin akwatin ni na sauke shi ɗakin ƙasa, ya zauna kusa da ɗan'uwansa, a ciki na riƙa ɗumama tuwona. Dakta ba ta daina rubuta mini takarda ba, sai dai da manyan baƙaƙe, kuma sai na karanta mata da baki kafin ta fita, ko za ta makara. Ta daɗe tana ce mini Mista. Sai da aka yi wata Sallar kafin Alhaji ya dawo bakinta, shi ma ina jin suɓucewa ya yi.

Mama ta ƙara shekara biyu da 'yan watanni a gidanta, a ɗakinta ta cika. Duk tsawon lokacin nan maɓallin yana aljihuna na dama. Kullum da yamma in na zauna a jirgi sai na taɓa shi, in tabbatar ban bar shi a jikin murhu ba. Sau ɗaya na taɓa ban ji shi ba, na sauka a tasha ta gaba na koma har Annandale. Na tarar da shi a aljihun hagu ina tsaye a bakin ƙofarsu, amma tunda na zo sai na shiga na duba gas ɗin.